Zanen da ke Bayan Ƙofar Kabad

Unguwar Kusugu, Daura
Ranar Lahadi

Zuwa ga matata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Kumburin ƙafar ya ragu? Ki gaishe mini da Inna, Allah ya saka mata da alheri bisa ɗawainiyar da take yi da ke tun da likita ta ce ki je gida ki huta.

Na san kullum muna waya, amma akwai maganar da bakina ya ƙi faɗa, shi ya sa na ba Badaru direba wannan takarda.

Na fara aikin kabad ɗinki na kicin. Ranar da na ce zan sake masa fenti kin yi shiru, na ɗauka yarda ce. Tsohon fentin yana ɓarewa, kuma ba na son yaro mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. Malam Jibril kafinta ya zo ya duba. Ya ce irin wannan fenti wani lokaci akwai dalma a cikinsa, kada in goge shi a bushe, kada kuma mai ciki ta shaƙi ƙurarsa. Muka fito da kabad ɗin tsakar gida, na shimfiɗa leda a ƙarƙashi. Na kwance hannayen, na zuba sukurorin a gwangwani, na wanke maiƙon shekara takwas da ruwan sabulu. Sannan na sa takunkumi da safar hannu, ina jiƙa sanfefa ina gogewa. Ni da ban saba riƙe komai ba sai alli, da kin gan ni da kin yi dariya.

Jiya na cire ƙofar ƙasa ta hagu, na juya ta. Murjanatu, zanen Kubura yana nan. Da jan birona ta yi shi, wanda nake duba aikin ɗalibai da shi: mutum uku masu manyan kawuna, da wata dabba mai ƙafa biyar da ta ce akuya ce. Na tuna ranar. Ni na ƙwace biron, na yi mata faɗa har ta ɓuya a bayanki. Bayan wata biyu zazzaɓi ya ɗauke mana ita.

Shekara biyu ke nan ban ambaci sunan 'yarmu a gabanki ba, don tsoron kada in fama miki ciwo. Na zauna da sanfefa a hannu har aka kira la'asar, na kasa taɓa wurin. Ina jin kin manta yana nan. In ganinsa zai dame ki, ki faɗa in rufe shi. In kina so a bar shi, a bari. Ba zan yanke ni kaɗai ba.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki,
Nu'uman

Daura
Ranar Talata, bayan kwana tara

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙarfin jiki? Ina fatan duk mutanen garinku Babban Mutum suna lafiya.

Takardarki ta zo, kuma ki yafe mini. Ashe ba ki manta ba. Ashe kullum da safe in kin durƙusa ɗaukar tukunya sai kin shafa zanen, ni ina ɗaki ban sani ba. Kin ce tun ranar da na yi maganar fenti abinci ya daina miki daɗi, amma kika kasa hana ni, don kina ganin ni ne ba na son a tuna mini. Gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Ga yadda aka yi. Na so in shafa wa zanen man katako mai haske, Malam Jibril ya hana, ya ce zai iya narkar da biron. Na faɗa masa zanen 'yarmu ne. Washegari ya dawo da roba mai haske kamar gilashi, wadda ba ta fashewa, ya rufe wurin, ya zagaye da siririn katako. Sauran kuwa na fara da farin fenti na shimfiɗa, ya kwana ya bushe, sannan na bi da kore mai haske sau biyu, ba da kauri ba. Gwangwanin fentin da tsummokaran na kai su nesa da murhu. Kabad ɗin zai yi mako uku a rumfa yana shan iska, ba zai shiga kicin ba sai warin ya fita gaba ɗaya.

Akwai inda burushi ya bar layi a gefen dama. Kada ki duba wurin sosai.

Ranar Juma'a bayan masallaci zan taho in sha Allah. Sau huɗu kika rubuta sunan Kubura a takardarki. Na karanta shi a fili, ni kaɗai a tsakar gida. Ina so in na zo in faɗe shi kina ji.

Ki gaida Inna da kyau. Ki huta lafiya.

Naki,
Nu'uman