Notin da Ba Ya Hannu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

Kin tambayi labarin maigidana Injiniya. Kamfanin da ya ɗauke shi gyaran janareta a ƙasar waje ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci, in ba haka ba a ba wani. Karatu da rubutu ya cinye su tuni. Ɓangaren magana ne ya kayar da shi har sau biyu. Ana miƙa maka batu a takarda, ka yi minti biyu kana magana ba tsayawa, ga shi kin san i'inarsa. Ke ce ma kika ce kafin ya gama sallama shayi ya huce.

Ranar nan na kai masa abinci shago, na tarar yana kwance inji yana yi wa wani bayani da Turanci tar, ko gargada babu. Na tsaya baki sake. Ashe in hannunsa na aiki, harshensa sakewa yake. Matsalar, ko biro ɗinka ba a bari ka shiga da shi ɗakin jarrabawar.

Yaya, mutumin nan ya burge ni. Sati guda yana gwajin maganar jarrabawar riƙe da sifana, ni ina duba agogo. Sai ya koma riƙe ɗan notin inji guda ɗaya, yana murzawa. Yanzu notin ma ya miƙo mini, yatsunsa kawai yake murzawa a kan gwiwa. In ya maƙale, gumi na zuba, sai ya sake daga farko. Ni da ƙona miya ke sa ni kuka, kunya ta kama ni. Ki sa shi a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Jiya sakamako ya fito. Ya shigo ina wanke-wanke, ya tsaya a ƙofar kicin yana son magana, bakin ya ƙi. Na ce a raina shi ke nan, an sake faɗuwa. Sai na tuna notin nan da na ɗaure a bakin gyalena tun ranar jarrabawa. Na kwance, na danƙa masa.

Yaya, ya ci! Ya ba ni labari tiryan-tiryan, yana nuna mini babban yatsansa da ya saɓule. Sannan ya ajiye notin kan tebur, hannunsa wayam, ya kira sunana, ya gode mini. Shekara tara da aure, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa a karo ɗaya ba sai jiya.

Ki gaida kowa. Zancen shayi kuma ki janye shi.

Taki har kullum,
Auta