Takin da Baba Nomau Ya Kawo

Agadas, 12 ga Disamba 1963

Zuwa ga yayana Chaibou, a biron noma, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Aissa da yara. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Garka ce ba lafiya, Yaya. Buhun takin zamani da ka aiko ya iso a kamyon Damagaram, babbar motar kaya, tun wancan wata. Ranar da na kwance shi Baba Nomau yana wurin, kuma ka san ƙanen Abba, ba abin da zai gani bai kai baki ba. Ya ɗiba, ya lasa, ya tofar. Ya ce, "Wannan ai gishiri ne. Mu da raƙuma ke kawo wa gishiri har ƙofa, sai an aiko mana shi daga Yamai?" Na ce ba na miya ba ne. Ya ce shekararsa arba'in yana garka a bakin rafin Telwa, bai taɓa ganin farin taki ba.

To, yanzu itatuwan lemun da marigayi Abba ya dasa sun soma ƙonewa. Bakin ganye ya bushe kamar an kara masa wuta, yana zuba tun da ɗanyensa. Cikin goma sha shida, tara sun kamu. Baba ya ce in suka ƙara wata guda haka, zai sa a sare su duka a shuka alkama tun ƙasar ba ta mutu ba. Inna kuwa jiya ta hana a dafa shayin da ka aiko mata.

Ka faɗa mini abin yi. Ina gaida kowa.

Ƙanenka, Inoussa.

Yamai, 27 ga Disamba 1963

Mon cher Inoussa,

Na samu takardarka, ina gaishe ku duka. Abin da nake tsoro shi ya faru. Na rubuta maka la dose da hannuna: gwangwanin madara ɗaya ga kowace itaciya, nesa da gindi, sannan ruwa. Ka cika hannu, shi ke nan. Ku mutanen garka kuna tsammani in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Wannan engrais an gwada shi a gonakin gwamnati, ba ya kashe itace. Ƙasa ta samu ƴanci, amma ba a gina ta da kashin jaki.

Ka daina sa komai sai na faɗa maka. Ka gaida Inna, ka ce ta sha shayinta. Ka gaida Baba da girmamawa.

Yayanka, Chaibou.

Agadas, 10 ga Janairu 1964

Zuwa ga yayana Chaibou.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta zo, na karanta ta sau uku, don ajina uku a lakwal ba su isa in gane ta a karo ɗaya ba. Amma gwangwani na san shi, Yaya.

Bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Ban sa takinka ga dukan itatuwa ba. Raina bai kwanta ba, sai na sa wa bakwai na layin gabas kaɗai, na ce in ga yadda za su yi. Waɗannan bakwai ɗin su ne lafiyayyu, har sun yi duhu. Taran da ke ƙonewa su ne na wajen rijiya, kuma ko ƙwaya ɗaya ta takinka ba su gani ba.

Abin da suka gani takin Baba ne. Da ya ga buhunka ya ji haushi, ya ce zai nuna mini taki na gaskiya. Ya kora jakunansa zuwa zangon da ayarin gishiri na Fachi ya sauka, ya yi kwana uku yana kwaso kashin raƙuma, mangala goma sha biyu, ya zuba a gindin taran nan da hannunsa. Ni ma na yi murna, don takin raƙumi ba abin rainawa ba ne.

Awakin Hassane maƙwabcinmu ne suka farkar da ni. Kullum suka tsallako shinge ba sa kula ganye, sai su nufi gindin lemu suna lasar ƙasa. Na ce akuya ba ta lasar kashi a banza. Na jiƙa takin a ƙwarya, na tace, na shanya ruwan a faranti. Da ya bushe sai ga fari fat. Na je zangon na duba. Wurin da raƙuma ke gurfana nan ake sauke kantun gishiri, nan yake gutsurewa, shekara da shekaru. Baba ya haɗa da ƙasar wurin ya kwaso, wai ta fi maiƙo.

Yanzu ka ji inda nake. Baba yana zama a unguwar Dagmanet kullum da la'asar yana faɗa wa mutane gishirin Yamai ya kashe itatuwan wansa. Har an sa maka suna, ba zan rubuta shi ba. Kuma ya ce maganin abin shi ne a ƙaro takin zango, mangala ashirin, ranar Asabar ta sama. Na ce, "Baba, ko mu dakata?" Ya ce, "Kai ma ka soma karatun Yamai ne?"

Ni ba zan iya duban tsohon nan in ce shi ya yi ɓarnar ba. Kai ne babba, kai ne mai biro. Ka rubuto masa.

Ƙanenka mai jiran amsa, Inoussa.

Yamai, 22 ga Janairu 1964

Inoussa,

Ina gaishe ka. Wato ni ma ba ka yarda da ni ba, sai da ka gwada ni a itace bakwai. Bon. Na nuna takardarka ga shugabanmu, ya ce abin da ka yi shi ake kira essai, ya tambaya a wace lakwal ka koya.

Maganin gishiri ruwa ne. Ka kwashe takin, ka cika gindin da ruwa ya nutse, ka sake, ka sake, har gishirin ya sauka ƙasa da saiwa.

Batun rubuta wa Baba kuwa, ka rufa mini asiri. Shi ya kai ni lakwal a bayan jakinsa. Ka samu wata dabara, kai ne kake kusa. Wane suna aka sa mini?

Chaibou.

Agadas, 9 ga Fabrairu 1964

Zuwa ga yayana Chaibou.

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Takardarka ta iso bayan mangala ashirin sun riga ta isowa. Ka ce ruwa. Na gode. Sai dai rijiyarmu ba kogin Kwara ba ce, kuma sa guda gare mu, shi ma haƙarƙarinsa a waje.

Da takin ya zo na ce wa Baba a tara shi bayan shinge ya huce tukuna, zafinsa ya yi yawa. Ya yarda, don shi ya koya mini haka. Daga nan kullum na idar da asuba sai in tafi garka in kwashe na gindin itatuwa da kwando, in kai can cikin rairayin kori, busasshen rafin nan, in zubar, in ɗaura sanmu a rijiya, mu yi ta ja har guga ya soma kawo laka. Kafin Baba ya iso da hantsi na watsa busasshen ganye a wurin. Kwana goma sha ɗaya ina wannan satar a garkar ubana.

Ranar Laraba ya yi sammako. Ya same ni a durƙushe, kwando cike. Ya ce, "Me kake yi wa takina?" Na ce, "Baba, awakin Hassane ne suka dame ni da lasarsa, ban san abin da suke ji a ciki ba." Ya dube ni. Ya sunkuya, ya ɗibi ƙasar da yatsa biyu, ya kai baki.

Bai tofar ba, Yaya. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya bi layin gabas, yana kama ganyen bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya ce, "San naka ya gaji." Ya tafi. Na ce a raina shi ke nan, gatari zai ɗauko.

Kafin azahar sai ga shi da nasa san, da doguwar igiya, da mutum biyu masu yasar rijiya. Tun ranar muna ja tare, shi da safe ni da yamma. Maganar taki ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, ni ma ban tayar ba. Maganar alkama ma haka.

Amma kada ka yi saurin murna. Jiya na bi ta Dagmanet na ji shi da kunnena yana cewa, "Da ban kai sana ba, da gishirin Yamai ya gama da garkar." Mutane suna ta sa masa albarka. Na tsaya, maganar ta zo mini har wuya, na haɗiye ta. In na kunyata shi zai janye san, kuma itatuwan suna bukatar wata guda na ruwa nan gaba. Sunan da aka sa maka Mushe Kantu ne, mushe irin na Faransanci, ba na dabba ba. Ka yi haƙuri da shi kamar yadda nake haƙuri da kwando.

Inna ta dafa shayin. Ita ba a gaya mata komai ba, amma ta ga inda nake zubar da takin.

Ƙanenka, Inoussa.

Agadas, 20 ga Maris 1964

Yaya Chaibou,

Gaisuwa. Shida sun yi toho. Uku sun mutu, har da na bakin rijiya wanda Abba ya fara dasawa. Baba ya ce a bar masa, shi ya sare shi, ya hana ni kama masa.

Da muna komawa gida ya ce, in zan rubuta maka, in ce ka aiko buhu biyu bana, ɗaya na garkarsa. Ya ce a sauke su a gidanmu, kuma kada a rubuta sunansa a jiki.

Ka gaida Aissa da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Inoussa.