Ƙugun Wandon Babanki

Zuwa ga 'yata,

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki fara karantawa, kuma kada ki ɗauki waya ki kira ni sai kin kai ƙarshe. Na san halinki, da kin ji rabin magana sai ki fara kare kanki. Shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba a katse mata hanzari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikinki. Mu nan da godiya. Ciwon bayan Yayanki ya lafa, ya koma aiki. Auta tana shirin jarrabawa, ko da yake waya ta fi littafi ganin fuskarta. Babanki ne ya sha jiki, kuma maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu.

Kin tuna ranar da kika kira mu ta bidiyo daga ɗakin bincikenku, kina sanye da farar riga, ga kejin ɓeraye jere a bayanki? Babanki ya tambaye ki me kuke nema a jikin ɓera, kika ce yadda tsufa ke cin jiki. Kika ba shi labarin wasu ƙwayoyin jiki da ke tsufa su daina aiki, amma su ƙi mutuwa, su zauna suna ɓata na kusa da su. Gwaggonki ta ce ai ta san irinsu a cikin dangi, muka yi ta dariya. Daga nan kika ce an ga ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa, kuma cututtukan tsufa ba sa saurin kama su. Ke hira kike yi, shi kuwa darasi yake ɗauka. Likita sai ya yi ta fama da shi kafin ya ji magana, amma in Uwata ce ta faɗa, kamar yadda yake kiranki, to ta zauna.

Ba a jima ba ya ce aiki ya yi masa yawa, a riƙa kai masa abinci shago. Ashe can yake miƙa wa mai askin da ke jikin shagonsa, shi ya sha ruwan shayi ba komai a ciki. Mai aski ya ɗauka alheri ne, yana ta sa mini albarka ban sani ba. Kwano na dawo mini a share, ni kuma ina murna. Maganin sukarinsa kuwa bai fasa sha ba, safe da yamma. Na ga wuyansa ya zurma, na yi magana, ya ce idona ne ya tsufa. Sai na duba wando, don tun aurenmu da ƙugun wando nake gane ramarsa, na ga yana zaune daidai. Na manta tela na aura. Duk sanda wandon ya yi masa yawa sai ya farke ƙugun, ya rage, ya bi da guga ya kwantar da ɗinkin. Ina cikin ninke wanki na ji ƙugun ya yi kauri a hannuna, na juya ciki na ga sabon zare a kan tsohon yadi. Duk wandunansa haka. Na ce bari ya dawo mu yi ta.

Bai dawo da ƙafarsa ba. Mai aski ya ji keken ɗinki ya tsaya, sai ƙarar faɗuwar kujera. Ya same shi a ƙasa cikin ƙyallaye, gumi ya jiƙa riga, jiki na rawa, harshe ya yi nauyi, goshi ya fashe a gefen keken. Duk mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. A asibiti aka auna aka ce sukari ne ya faɗi ƙasa warwas, aka ɗaura masa ruwa, ya farfaɗo. Likitar da ta duba shi ta ce da shi kaɗai ne a wurin ba kowa kusa, da wata maganar ake yi. A nan ne mai aski ya faɗa mini inda abincin ke tafiya, sai na tuna hirarku. Da na gaya wa likitar batun ɓeraye ba ta raina aikinki ba. Cewa ta yi bincike ne mai kyau, amma abin da aka gani a keji bai zama umarni ga dattijon da ke shan maganin sukari ba.

Na shiga ɗakin da faɗa cike da bakina. Na tambaye shi ko shi ɓera ne, ko kuwa abincina ne ya gundure shi. Ya kawar da kai yana kallon robar ruwan. Can ya kawo maganar Baffanki, wanda tsufa ya rikita har yake tambayar 'ya'yansa ko su baƙin waye. Sai ya ce, “Ba mutuwa nake gudu ba. So nake in Uwata ta dawo, ta same ni ina gane ta.”

To ki ji ni da kyau. Ban ce kin yi ƙarya ba, ban ce ki bar aikinki ba. Amma ilimi amana ne, kuma mai shi yana duba kunnen da zai zuba wa. A wurin aikinku kuna cewa wataƙila, kuna cewa sai an ƙara gwaji. Uba mai kewar 'yarsa ba ya jin wataƙila. Kin san kowane ɓera da awon abincinsa, amma ba ki taɓa tambayar sunan maganin da mahaifinki ke sha ba. Wannan ba halin da na koya miki ba ne. Kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba, don jiya na ga yana tura abinci gefen faranti yana satar kallona.

Gwaggonki tana gaishe ki, da Yayanki da matarsa, da Auta. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa kan yara. Babanki bai san na rubuto ba, ya ma roƙe ni kada in tayar miki da hankali.

Ga dokar da na kafa, kuma ta hau kanki duk nisanki. Ba a ƙara kai abinci shago. A gabana zai ci, sannan in ba shi magani da hannuna. Ke kuma ranar hutunki za ki kira lokacin cin abinci, da farantinki a gabanki, ki ci yana kallo, ki gaya masa da bakinki ya cinye nasa. Maganar ɓeraye sai kwano ya koma wurin wanke-wanke, kuma sai ina zaune.

Ni ce,
Mahaifiyarki