Abincin Daren Likitoci

Leone, tsibirin Tutuila

Zuwa ga 'yata Tiresa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a cikin sanyin Amurka. Na rubuta ne don a waya kuka nake yi, in manta abin da zan faɗa. Ƙaninki Ioane zai ɗauki hoton takardar ya tura miki.

Kin ce kafin intabiyu na horon ƙwarewa likitocin asibitin za su kai ku cin abincin dare, kuma a nan suke duba halin mutum. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Kada ki taɓa abinci sai babban cikinsu ya gama. Kada ki kalle shi ido cikin ido. In an gama ki tashi ki kwashe kwanuka, su san daga gidan mutunci kika fito.

Kumburin ƙafar babanki da sauƙi, sai dai har yanzu babu likitan ƙoda da ya zo.

Mahaifiyarki, Seutatia

*

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na yi duk abin da kika ce. Wani dattijon likita ya zauna kusa da ni, sai surutu yake, bai taɓa kifinsa ba, ni ma na bar nawa ya huce. Wata likita ta ce, "Ke Tiresa, azumi kike ko ba mu yi miki ba ne?" Aka yi dariya, na sunkuyar da kai. Da na fara tara kwanuka, mai hidima ya ce, "'Yar'uwa, so kike a kore ni daga aiki?"

Washegari wata daga cikinsu ta raɗa mini cewa sun ɗauka ba na son wurin. Wannan asibitin na Seattle ya wuce ni ke nan. Saura na Honolulu kawai, inda jirgi ɗaya zai kawo ni wurin Baba. Mama, tsoro nake ji. Hannuna ya ƙi ɗaukar cokali a gaban mai furfura.

'Yarki, Tiresa

*

'Yata,

Gaisuwa da addu'a. Na karanta wasiƙarki a hankali, ranar na kasa cin abincin kirki.

Na ce ba zan sa ki abin da ban san nauyinsa ba. Ranar Lahadi bayan coci, da aka shimfiɗa wa Fasto da dattawa abinci, maimakon in tsaya ina yi musu fifita, sai na je na zauna a tabarmarsu. Na ɗauki gwaza, na dangwalo ganye da madarar kwakwa, na kai baki kafin kowa. Gwaggonki Lemapu ta ce, "Seutatia, aljanu ne ko yunwa?" Lomar ta tsaya mini a wuya. Duk da haka na dubi Fasto a ido na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a gyara rufin cocin nan?"

Ya ce, "Rabon da wani ya tambaye ni har na manta." Muka yi ta magana. Lemapu ba ta gaishe ni ba har yau, amma ban mutu ba.

Loma ta farko ce mai wuya, ki sa ruwa kusa. Ki ci, ki tambaye su abin da kike son sani. Kwanuka kuma ki bar wa mai su.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Na ci abinci tare da likitocin Honolulu! Na ƙware a lomar farko, na tuna fuskar Gwaggo Lemapu, dariya ta kama ni, sai da na ba su labarin duka. Na tambaye su yadda suke kula da masu ciwon ƙoda daga tsibiranmu, har aka rufe wurin muna magana. Sakamako sai watan Maris. Ki gaida Baba.

Tiresa

*

'Yata likita,

Ioane ya so ya karanta mini saƙonki, na ƙwace wayar na karanta da kaina. Honolulu sun ɗauke ki. Babanki ya sa na maimaita masa har muryata ta dishe.

Allah ya kawo ki lafiya. Amma in kin zo gida, sai babanki ya gama kafin ki ci.

Mahaifiyarki, Seutatia