Salansar Motar Babanka

Zuwa ga Khamis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da Jannat da yara a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Kwamba lafiya lau, sai ƙafata da ta saba. Babanka Yaya Tanimu yana nan Madalla, idon dai bai dawo ba, amma kunnensa garau yake, kuma maganar kunnen nan ce ta sa na rubuto maka, tunda a waya kai kaɗai kake magana.

Jar motar babanka mai ƙofa biyu ta fito daga garejin Romanus a Gauraka. Injin ya yi kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma wa ya ce ka taɓa salansa? Ni na tuƙa motar nan tun ba a yi maka kaciya ba, ni na kwana a ƙarƙashinta lokacin da kake gudu ba wando. Sai ga shi ka aiko da wata salansa mai ƙyalli kamar tukunyar amarya, bakinta biyu, da wani ƙaramin lagireto wai na sanyaya baƙin mai, duk ta hannun Romanus, ba ka ko tambaye ni ba. Motar da ta sha zuwa Kaduna cikin zafin bazara, yau ita ce zafin baƙin mai zai dame ta? In ta yi zafi a tsaya a sha ruwa, ita ma ta huta. Haka muke yi. To lagireton na bar maka, ya zauna can bayan bamba da tiyoyinsa kamar hanjin akuya, ba ya magana, ba ruwana da shi.

Salansa kuwa tana magana. Ranar Juma'a na kai wa Yaya motar har ƙofar gida, na bar ta a kunne don ya ji. Yana zaune a kan tabarma, ya karkata kai, sai ya tambayi ƙanwarka Sa'ida ko maƙwabta ne suka sayi sabon janareto. Na ce masa motarsa ce. Ya tashi ya shafa ƙofa, ya shafa sitiyari, ya ce jikin nata ne amma muryar ba tata ba ce, a kashe. Ya koma kan tabarmarsa. Mutumin da yake gane motar nan tun daga kwanar titi ya sa a shimfiɗa min tabarma kafin in iso!

Tsohuwar salansar kuwa, Romanus ya ba 'yan gwangwan ita. Na bi su da wannan ƙafar tawa har na same ta a ƙarƙashin tulin ƙarafa, na kai an yi mata walda. Romanus ya ƙi ɗaurawa. Wai bututunta ya yi ƙanƙanta, za ta shaƙe sabon inji ya yi zafi, kuma wai Oga Khamis ya ce kada a saurari tsoho. Tsoho! To in haka ne lagireton naka na mene ne? Ya yi aikinsa mana.

Na san so kake in ka zo da Sallah ka kai ta Abuja abokanka su ɗauki hoto. Makullin yana aljihuna, can zai zauna sai ka kira Romanus ka ce ya mayar da abin da ya cire.

Ka gaida Jannat, ita ba ta yi min komai ba. Ka gaida Faruk da Ummulkhairi. Sa'ida tana gaishe ka. Babanka bai ba ni saƙo ba, sai dai jiya ya kama hannuna ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah, ko kun sayar da motar ne kuka kawo masa wata. Na rantse masa, bai yarda ba. Sai ka zo ka rantse da kanka.

Baffanka,
Ɗan'asabe, Kwamba, Suleja