Yatsan da Ya Danna Maɓallin

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta, yaya maigidanki da yaran? Allah Ya sa kowa yana lafiya. Ni ma da sauƙi, sai dai hannuna na dama a naɗe yake, shi ya sa rubutun ya zama kamar tonon kaza. Kada ki yi dariya.

Na san kin ga bidiyon gobarar da ta tashi a jirginmu, tunda har maƙwabta Inna take kira su kalla. Bari in ba ki labarin da kaina, don tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In zauna in tashi, in dafa shayi in bar shi ya huce.

Mun yi kamar awa biyu a sama, mun gama raba wa fasinjoji abinci, sai wani dattijo da ke kujerun gaba, irin masu kwanciya da lantarki, ya kira ni. Wayarsa ce ta zame ta shige can cikin ƙarafan kujera. Wai hotunan marigayiyar matarsa duk suna ciki. Ba a jima ba na ji wani ƙas, sai warin ƙonanniyar roba, sai farin hayaƙi ya taso yana huci. Kujera ta matse batirin, ya kama da wuta.

Yaya, in na ce ban tsorata ba na yi ƙarya, amma jiki ya riga ya haddace aikin. Na janye dattijon, na ƙwala wa shugabarmu kira, ita kuma ta sanar da matuƙi aka katse lantarkin kujerun. Doguwa, abokiyar aikina, ta mayar da mutane baya, ta raba musu jiƙaƙƙun tawul su toshe hanci. Na zura hular kariya daga hayaƙi, na fesa tukunyar kashe gobara. Harshen wutar ya mutu, amma batir ɗan banza ne, cikinsa bai daina dahuwa ba. Sai ruwa kuma. Gora bayan gora muke juyewa, har lemon fasinjoji bai tsira ba. Wani mai ƙatuwar murya yana ta ihu a zuba ƙanƙara, bai san rufe zafin take yi ba, ni dai ko kallonsa ban yi ba. Garin ɗaga matashin kujerar ne na ƙone. Da wayar ta huce muka tsoma ta a bokitin ruwa, bayan minti arba'in muka sauka a filin jirgi mafi kusa. Mutum ɗari da tamanin, duk da ƙafarsu suka fita.

Yanzu kamfani yana maganar karrama ni, kuma nan ne matsalar take. In waya ta faɗa cikin kujera ba a motsa kujerar. Mu muke faɗa wa fasinjoji haka da bakinmu a kowace tafiya. Ni na danna maɓallin kujerar, Yaya. Na ga hawayensa, na ce bari in ɗan kwantar da ita in zura hannu, wa zai sani? Mai bidiyon bai fara ɗauka ba sai da hayaƙi ya tashi, don haka kowa ya ɗora wa dattijon laifin. Ana ta zaginsa, har ana cewa za a hana shi hawa jiragenmu. Jibi zan miƙa rahotona. In na faɗi gaskiya, aikin shekara tara yana iya tafiya. Sau shida ina farawa ina yagawa, wallahi tsoro nake ji.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai ciwon kai,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya ke da mutanen gida. Hannu ya fara ƙaiƙayi, likita ya ce warkewa ce.

Na miƙa rahoton, kuma na rubuta komai. Mai binciken da kamfani ya naɗa ya karanta har sau biyu, ni kuwa ina ta kaɗa ƙafa kamar mai ɗinki da keke. Sai ya turo mini wata takarda. Bayanin dattijon ne, daga gadon asibitin da aka kwantar da shi saboda hayaƙin da ya shaƙa. Ya rubuta cewa shi ya danna, har da sa hannu. Yaya, yana tsaye a gefena fa lokacin, idonsa a kan yatsana. Ya sani sarai, ya ɗauki zagin a kansa.

Mai binciken ya ce ɗaya daga cikin takardun nan biyu ce za ta tsaya, kuma in na janye tawa ba wanda zai tambaye ni. Na daɗe ina kallon rubutun tsohon, duk ya karkace. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce a bar tawa ta tsaya. An dakatar da ni sai kwamiti ya zauna, na cire katin aikina na ajiye masa a tebur.

Gobe zan je asibitin. Har yanzu ban san da me zan fara ba, godiya ko neman gafara.

A gaishe mini da kowa da kowa. Allah Ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Auta