Bandirin Mahaifinka

Jidda, Rajab 1388

Rafi'u, kada ka karanta wannan a gaban abokanka makaɗa.

Yaya Mastura da yara? Ina lafiya, sai gwiwa da tsayuwar shago ta taɓa. Kada ka damu.

Faifan waƙarka ya iso nan unguwarmu ta Bab Makka. Na ga ana rawa da shi a gidan biki, kuma na gane sautin: zikirin da 'yan'uwanka na Ƙadiriyya suka koya maka ne ka ɗora wa goge. Bandirin marigayi mahaifinka da ka roƙa ba zan aiko ba sai ka nemi gafararsu.

Allah ya shirye ka. Ni mahaifiyarka na yanke: a gidanmu, abin da aka rera a zawiya ba a rawa da shi.